Wandon Mai Burodi

"Na ce ba zan ba shi ke ba. Ko sau ɗari za ki tambaye ni, amsar ɗaya ce."

Inna ta faɗi haka ne tana goge tukunyar da ta riga ta goge sau biyu, ko ɗagowa ba ta yi ta dubi 'yarta ba.

'Yar tata, wadda kowa ke kira Tela, tana durƙushe a ƙofar kicin, mayafi ya zame mata kafaɗa, idanun nan sun yi luhu-luhu. Shekararta ashirin da shida, tana da shagon ɗinkinta, manyan mata suna zuwa suna lallaɓa ta don ta gama musu kaya da wuri. Amma yau a gaban Inna ta koma 'yar shekara tara.

"Inna, ke fa kika ce ba ki taɓa ganin yaro mai ladabi irinsa ba. Ke kika ce..."

"Na ce. Da bakina na ce. A lokacin bai faɗi a gaban murhun gashi an kwashe shi ranga-ranga ba."

"Ciwo ne, Inna. Wa ya fi ƙarfin ciwo?"

"Ba irin wannan ba." Inna ta dire tukunyar da ƙarfi. "Ubansa da me ya tafi? Zuciya. Yana da shekara nawa? Arba'in da takwas. Naki uban fa? Ko shi ma sai na tuna miki? Ina da talatin da uku aka bar ni da ke, daga ni sai ke sai Allah. Abin da na ɗanɗana ba zan ɗauka da hannuna in ba ki ba."

Tela ta kifa kai a gwiwa ta fashe da kuka. Inna ta juya mata baya, ta sake ɗaukar tukunyar nan a karo na uku.

Shi wannan da ake rigima a kansa, Mai Burodi kowa yake ce masa a layin, don shi ne babban mai kwaɓi a gidan burodin da ke ƙasan titi. Ƙato ne, mai yawan dariya, in ya yi ta har tumbinsa rawa yake. Shekara biyu yana zarya wajen Tela, kuma zancen gaskiya babu wanda ya kai Inna sonsa a da, saboda dalili ɗaya: yana cin abinci. In ta zuba masa sai ya share kwano tas, ya lumshe ido ya ce, "Inna, Allah ya bar mana hannun nan." Ita kuwa Inna a duniya babu abin da ke sanyaya mata rai kamar wannan.

To ai cin ne ya jawo. Da safe ƙwai shida da man shanu cikin burodi mai zafi. Da rana nama, kuma sai ya ce a zaɓo masa mai kitse. Tsakanin nan ga ɗanɗanon kek, ga lemon kwalba. Tafiya kuwa, daga ƙofar gidansu zuwa shago ma babur yake hawa.

Ana saura wata biyu biki, wata ranar Talata da hantsi, ƙirjinsa ya riƙe. Ya ji kamar an ɗora masa buhun fulawa, gumi ya karyo, hannun hagu ya yi nauyi, ya sulale a gaban murhu.

Likita ya ce Allah ya taƙaita, gargaɗi ne zuciyar ta yi. Ya ce kitse ya yi wa jininsa yawa, abin da suke kira kolesterol, yana taruwa a hanyoyin jini yadda maiƙo ke toshe bututun wanke-wanke. Ya ce akwai gado a ciki, amma akwai na baki. Ya rubuta magani, ya ce magani kaɗai ba zai yi ba: a bar soye-soye da kitse da man shanu, a koma wake da ganye da kifi da 'ya'yan itace, kullum a yi tafiyar ƙafa ta rabin awa, bayan wata uku a sake auna jinin.

Ranar da labarin ya iso kunnen Inna, ranar ta ce an fasa.

Kafin sati ya zagayo sai ga Mai Kemis ya dawo da zarya. Ɗan aminiyar Inna ne, shekara huɗu yana son Tela tana kauce masa. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Siriri ne fes, rigarsa kullum a goge. Matsalarsa ɗaya: in ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka yaushe rabonka da auna hawan jini.

"Ni fa ba don kaina nake magana ba," in ji shi, yana zaune a falon Inna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Irin wannan ciwon, mutum yana tsaye ne kawai sai ka ji an ce wane ya tafi."

Tela tana bayan labule, ta ciji leɓe har sai da ta ji gishirin jini.

Da ta ga ba mafita, ta kai kuka wajen Kawu, yayan Inna, wanda shi kaɗai ne in ya yi magana Inna take sauke murya. Ya zo da sandarsa, ya saurari kowa, ya shafa gemu.

"Ke," ya ce da ƙanwarsa, "tsoronki gaskiya ne. Ke kuma," ya dubi Tela, "kukanki gaskiya ne. Likita ya ce wata uku, to mu ma wata uku. Mai Burodi ya kawo mini takardar gwajin jininsa a hannuna. In ta yi kyau, a ci gaba da magana. In ba ta yi ba, ko ranar ta wuce bai kawo ba, washegari zan karɓi iyayen wancan yaron Mai Kemis, kuma ba na son in ji bakin kowa."

Inna ta ce, "Na ji, Yaya." Amma fuskarta ba ta ce ta ji ba.

Tun daga ranar layin ya samu abin kallo. Kullum da safe, bayan an fitar da gashin farko, sai ga Mai Burodi ya fito da ƙafa, yana haki, yana share gumi, ya haura titin har gada ya dawo. Masu shaguna suna yi masa tsiya.

"Mai Burodi, babur ɗin aka sace ne?"

"A'a, tumbin nake kaiwa makaranta!"

Inna ta hana shi zuwa gida, amma ba ta hana titi wucewa ta ƙofar shagon Tela ba. Tela kuwa ta matsar da keken ɗinkinta kusa da taga. In ya zo wucewa ba ya tsayawa, ɗaga mata yatsu kawai yake yi, adadin zagayen da ya yi. Ita kuma ta ɗaga masa almakashi. Wannan ce hirarsu ta sati uku, kuma wallahi ta fi wata hirar ta awa biyar daɗi.

A sati na huɗu ya tsaya. Ya yi sallama a bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da ƙugunsa, yana sunkuyar da kai.

"Lafiya? Ƙirjin ne?" Ta miƙe a firgice.

"Ba ƙirji ba ne. Wando ne."

Ta duba. Ashe da igiyar buhun fulawa ya ɗaure wandon. Dariya ta ƙwace mata, ta yi ta yi har ta dafa keke, sai kuma dariyar ta juye ta zama hawaye ba ta san lokacin ba.

"Yanzu kuma me na yi?"

"Ba komai. Ka kawo shi gobe a leda, ka sa fil inda ya yi maka daidai."

Washegari ya kawo wandon aikinsa mai ruwan toka. Ta rage inci ɗaya a ƙugu. Ba ta yanke rarar ba, ninke ta ta yi ciki ta bi da ɗinki, don kuwa haka Inna ta koya mata. Da can Inna ce babbar telar layin, a ƙafarta Tela ta fara koyon sana'ar tun tana ƙarama, kuma dokarta ta farko ita ce: ba a yanke rarar ƙugun wandon namiji, ninkewa ake yi, don jikin namiji ƙaruwa yake, wata rana za a nemi a buɗa. Tun rasuwar Baba dai Inna ta lulluɓe kekenta a kusurwar falo, shekara goma sha bakwai ba ta sake taka shi ba.

Wata na biyu ne ya zo da wahala.

Wata ranar Alhamis da la'asar ya shigo shagon ya zauna a kan benci, ba dariya, ba tsiya. Tela ta tsayar da keke.

"Na ci amanarki," ya ce.

"Me ka yi?"

"Jiya an yi odar kek na biki. Ina ta kwaɓa man shanu da sukari tun safe, ƙamshin yana shiga har ƙwaƙwalwata. Ban san lokacin da na yanki ƙato na cinye ba. A tsaye, a bayan ƙofa, kamar ɓarawo." Ya sunkuyar da kai. "Da na gama sai na tuna Babana. Shi ma haka yake yi, a ce ya bari, ya ce daga yau. Ina da sha huɗu na ga an fito da shi daga ɗaki. Na ga yadda Ummana ta koma. Tela, anya Inna ba ta fi mu gaskiya ba?"

"Kada ka fara."

"Bari in gama. Ni ina sonki, Allah shaida ne. Amma in son nan zai sa wata rana ki zauna da yara kina kallon ƙofa, gara ki auri mai maganin nan. Zai gundure ki, na sani, amma zai daɗe yana gundurar ki."

Ta so ta yi dariya, kuka ya riga ta.

"Kai yanzu saboda yankan kek ɗaya za ka sallama ni? Kwana hamsin kana taka titin nan, ƙafarka har ta yi kanta, duk ba ka ƙirga ba sai kek? Ni na ce maka mala'ika nake nema? Wanda ya ɓoye a bayan ƙofa ya ci, ya kuma zo da ƙafarsa ya faɗa mini, shi nake so."

"In na mutu fa?"

"In na riga ka fa? An ba ka takardar ranata ne?" Ta share hawaye da bayan hannu. "Ni ban ce ka yi mini alkawarin ba za ka mutu ba, ba a hannunka yake ba. Abin da ke hannunka nake roƙo. Gobe ka fito ka wuce ta nan ka ɗaga mini yatsu. Shi ke nan."

Can ya jawo leda daga bayansa ya miƙa mata a hankali.

"Dama wandon ne ya sake yin yawa."

"Ka ji mutum! Shi ne ka bari sai da na gama zubar da hawayena?"

A haka aka rage inci na biyu, aka rage na uku. Ya koyi cin wake da ganye har ya daina yamutsa fuska. Ya bar wa abokin aikinsa ɗanɗanon kek. Maganinsa ba ya tsallake ko rana ɗaya. Zagaye ɗaya ya zama uku, hakin ya ragu, fuskarsa ta fito, har wata mai sayen burodi ta tambaye shi ina yayansa mai ƙiba ya koma.

Ana gobe za a ɗebi jinin, wa'adin Kawu saura kwana biyu cif, kekenta na shago ya karya allura ya cije. Ga wandon an zo inci na huɗu, ta yi alkawarin zai sa shi ya je wajen Kawu. Sai ta ƙunso shi a jaka ta taho gida da yamma, da nufin ta lallaɓa ta yi amfani da tsohon keken Inna.

Ta tarar da Mai Kemis a falo yana shan shayi.

"Takarda ai ba komai ba ce, Inna," yake cewa. "Mutum ya yi wata uku yana cin ganye don a ba shi mata, me zai hana? Ki bari a ɗaura. Irinsu ki ajiye musu soyayyen nama a gabansu kawai, ki ga ikon Allah."

Tela ta ajiye jakar a falo ta wuce ɗaki ko gaishe shi ba ta yi ba. Da ta fito bayan ya tafi, sai ta ga Inna tsaye a tsakiyar falo da wandon a hannu. Ta juya cikinsa waje, tana bin layukan ɗinkin ƙugun da babban yatsa, ɗaya, biyu, uku, ga fil a inda na huɗu zai zauna. Ita ma ai ɗinki ne sana'arta, ba sai an yi mata bayani ba.

"Na wane ne?"

"Nasa ne, Inna."

Inna ta ninke wandon ta ɗora a kan keken da ke lulluɓe.

"Ki ce wa mai shi ya zo gobe ƙarfe bakwai, kafin ya je ko'ina."

Da safe ƙamshi ne ya fito da Tela daga ɗaki. Ta leƙa kicin: ƙwai yana ƙara a cikin man shanu, ga nama mai kitse an soya ya yi jawur, ga shayi mai kauri da madara.

"Inna, don girman Allah! Likita ya ce kada ya sa komai a bakinsa sai ruwa har a ɗebi jinin, ƙarfe takwas. In ya ci gwajin ya lalace, kuma sai gobe sakamako yake fita. In ba a ɗiba yau ba wa'adin Kawu ya wuce!"

"Ni ban san wannan ba. Baƙo ya shigo gidana ya fita bai ci ba? Ba a taɓa yi ba."

Kuma gaskiya ba a taɓa yi ba. Duk dangi sun san Inna a kan abincinta. Ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya ta taɓa ture mata kwano ta ce ta ƙoshi, sai da suka yi shekara da rabi ba sa ga-maciji. Tela ta jingina da bango. In ya ci, takarda ta tafi. In ya ƙi, ya raina Inna a cikin falonta. Ta ɗauki waya za ta gargaɗe shi, sai ga sallamarsa a ƙofa.

Ya shigo ya durƙusa har ƙasa. Inna ta yi masa kallo ɗaya ta ɗan yi turus, don rabonta da shi wata uku, ta kuma ga rabin mutumin da ta sani. Ta amsa gaisuwar a daƙile, ta shiga kicin ta fito da tire, ta dire a gabansa da hannunta, ta buɗe kwanukan.

"Bismillah. Yadda kake so na yi maka."

Tela tana bakin labule ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ta ga ya lumshe ido yana shaƙar ƙamshin. Ta ce a ranta, shi ke nan, na shiga uku.

"Inna," ya ce a hankali, "ki yi mini afuwa. Ba zan iya ci ba."



"Me ka ce?"

"Ba zan ci ba, Inna."

"Saboda gwajin? To ka ci, ni zan ce wa Yaya ya ƙara maka kwana biyu. Na ɗauke maka wannan. Ci."

Tela ta dafe ƙirji. Ga ƙofa an buɗe masa, babu sauran dalili. Ta tsinci kanta tana roƙonsa da ido: ci, ko loma ɗaya ce, kada ka ɓata mata rai.

Mai Burodi ya sa hannu biyu ya mayar da murfin kwanon, a hankali kamar mai rufa wa jariri zane.

"Ko babu gwajin, Inna, ba zan ci ba."

"Girkin nawa ne ka raina?"

"Wallahi duk duniya babu hannun da nake so kamar naki. Wata uku ina mafarkin naman nan. Yanzu haka yawuna ya tsinke, kina gani." Hawaye ya gangaro masa. "Amma Inna, in na ci yau don kada ranki ya ɓaci, gobe zan ci don kada ran wani ya ɓaci, a haka Babana ya tafi. Ni ina so in daɗe da ita. Ina so in ga furfurarta. In kin kore ni a kan wannan, zan tashi in tafi, ba zan taɓa riƙe ki a raina ba. Amma gara ki yi fushi da ni ina raye."

Inna ta tsaya ƙiƙam. Tela ta runtse ido tana jiran tsawar da za ta biyo baya.

Ba tsawa ta ji ba. Ƙarar zama ta ji. Da ta buɗe ido, Inna ce zaune daɓas a ƙasa, a kan tabarma, ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta suna jijjiga.

"Inna!" Ta ruga ta riƙe ta.

"Bai taɓa ce mini a'a ba," Inna take faɗa cikin kuka. "Babanki. Shekara goma sha huɗu, ko sau ɗaya bai taɓa ce mini a'a ba."

Ta miƙa hannu ta yaye lulluɓin keken, ta jawo 'yar durowar da ake ajiye zare, ta ciro wata takarda da ta yi ja saboda tsufa, ninkinta har ya fara yagewa. Ta ɗora ta a cinyar Tela.

"Bayan an kai shi, ina ninke kayansa, na same ta a aljihun wandonsa. Likita ne ya rubuta masa, wata bakwai kafin ya faɗi. A bar soyayye, a bar kitse, a bar man shanu. Wata bakwai yana yawo da ita a aljihu, kullum da safe ina dire masa irin tiren nan, yana cinyewa yana sa mini albarka. Don kada in ce ya raina girkina." Ta ja numfashi da ƙyar. "Duk shekara ni nake buɗa masa ƙugun wando a keken nan. Ina buɗawa ina murna, ina ce wa mata ku ga yadda mijina ya yi kyau a hannuna. Ashe..."

"Inna, ba ki sani ba. Ba laifinki ba ne."

"Da ya faɗa mini! Da sau ɗaya ya ture kwanon ya bar ni in yi fushina! Kwana nawa fushin zai yi?"

Tela ta rungume ta, su biyun suna kuka. Shekara goma sha bakwai tana kwana ɗaki ɗaya da wannan baiwar Allah, ba ta taɓa sanin abin da ya sa aka lulluɓe keken ba. Mai Burodi yana gefe a durƙushe, ƙaton mutum, yana share ido da hannun riga.

Inna ce ta fara tsagaitawa. Ta fyace hanci, ta dubi agogon bango, nan take muryarta ta ainihi ta dawo.

"Kai kuma zaman me kake yi? Bakwai da rabi ta wuce. Tashi ka je a ɗebi jinin nan. Kuma da ƙafa, kada in ji an ce an gan ka a babur."

"To, Inna."

"In ka fito ka biyo ta nan. Zan ɗora wake." Ta yamutsa fuska kamar maganar tana yi mata ɗaci a baki. "Ba mai."

"Zan cinye har tukunyar, Inna."

"Ban ce ka cinye tukunya ba. Kwano ɗaya."

Ya fita yana dariya yana share hawaye, har ya manta takalminsa ɗaya a ƙofa ya dawo ya ɗauka.

Tela ta tattara tiren. Ta kai bakin kicin ta tsaya, tambayar da ke cin ranta ta ƙi haɗiyuwa.

"Inna, in takardar ta fito gobe ba ta yi kyau ba fa? Kawu ya ce..."

"Yaya nawa ne, ki bar ni da shi. Takarda ai na taɓa gani, ga ta nan a kan tabarma."

Ta jawo kujera gaban keken, ta hure ƙurar da ke kansa, ta ɗiga masa mai, ta taka. Ya yi ƙara kamar zai ƙi, sai kuma ya saki. Ta ɗauko wandon mai ruwan toka ta juya cikinsa, ta taɓa tarin rarar da aka yi ta ninkewa a bayan ƙugu, ta yi tsaki.

"Dubi wannan ƙunshin. Haka zai riƙa yawo da shi a baya kamar mai goyo? Miƙo mini almakashi."

"Inna, ke fa kika ce ba a yanke rarar ƙugun namiji. Kin ce wata rana za a nemi a buɗa."

Inna ta karɓi almakashin, ta daidaita bakinsa a kan layin fil ɗin.

"Wannan ba za a buɗa ba," ta ce.

Ta yanke.